2,147,483,647: Lambar da ba ta rabuwa, wadda kwamfuta ke tuntuɓe da ita

Da shigowar ranar 1 ga Janairun 2022, saƙonnin imel suka maƙale a ma'aikatu da kamfanoni da dama na duniya masu amfani da manhajar Exchange ta kamfanin Microsoft a kan na'urorinsu. Ba kutse aka yi musu ba. Sashen da ke tace saƙonni don gano ƙwayar cutar kwamfuta ne ya karɓi sabuwar lambar sabuntawa, 2201010001, wadda aka harhaɗa da shekara da wata da rana, sai ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata. Gurbin ba ya ɗaukar abin da ya haura 2,147,483,647. Duk tsawon 2021 lambobin da 21 suke farawa, suna shiga lafiya lau. Da 22 ta zo, aiki ya tsaya cak.

Wannan lamba, wato biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai, ita ce kuma ke bayan maganar da ake yawan ji cewa agogon kwamfutoci zai rikice a 2038. Tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta da shekaru kusan ɗari biyu, masana lissafi sun san ta saboda wani dalili na daban: ba ta rabuwa, wato babu lambar da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Mutane da yawa kan cakuɗa waɗannan al'amura biyu, su ɗauka rashin rabuwarta ne ya sa ta zama iyakar kwamfuta. Ba haka abin yake ba, kuma rarrabe su shi ne mabuɗin fahimtar batun.

Yadda aka gina ta

A fara da 1, a riƙa ninkawa biyu: 2, 4, 8, 16, 32, 64. A ninki na 10 za a kai 1,024, a na 20 a kai 1,048,576, a na 30 a kai 1,073,741,824, a na 31 kuma 2,147,483,648. A ɗebe 1, ga lambarmu. A taƙaice ana rubuta ta 2^31 − 1.

Kwamfuta da alƙaluma biyu kawai take ƙirga, 0 da 1. A wannan tsari, duk lambar da ta gaza ninkin biyu da ɗaya tak, jerin 1 ce zalla, kamar yadda 999 ta gaza 1,000 da ɗaya a ƙirgarmu ta goma-goma. Bakwai ita ce 111, talatin da ɗaya ita ce 11111, ita kuwa 2,147,483,647 alƙalamin 1 ne guda 31 a jere. Masu rubuta manhaja sun fi saninta da 7FFFFFFF, a tsarin ƙirga na sha shida-sha shida.

Gagara-rabo da dangin Mersenne

Lamba gagara-rabo, wadda ɗalibai suka sani da firam, ita ce lambar da ta fi 1 kuma babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13. Duk wata lamba da ba ta cikinsu, daga ninka su da juna aka samo ta, misali 60 ita ce 2 × 2 × 3 × 5. Lambarmu gagara-rabo ce, kuma idan aka jero su tun daga 2, ita ce ta 105,097,565.

A cikin gagara-rabo akwai wani ƙaramin dangi: waɗanda ake samu ta ninka biyu sau kaza a ɗebe ɗaya. Ana kiransu da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa da ya fitar da jerinsu a 1644. Sharaɗin farko shi ne yawan ninkin kansa ya zama gagara-rabo. Dalili: idan yawan ninkin ya rabu, lambar ma za ta rabu. Ɗauki 2^6 − 1, wato 63. Tun da 2 da 3 suna raba 6, to 2^2 − 1 da 2^3 − 1, wato 3 da 7, suna raba 63. Sai dai cika wannan sharaɗi bai wadatar ba. Goma sha ɗaya gagara-rabo ce, amma 2^11 − 1 ta ba da 2,047, wadda ita ce 23 × 89.

A nan ne magabata suka yi ta zamewa. Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar cewa na 17 da na 19, wato 2^17 − 1 da 2^19 − 1, gagara-rabo ne a ƙarshen ƙarni na 16, sannan ya ce na 23 da 29 da 31 da 37 ma haka suke. Pierre de Fermat ya nuna a 1640 cewa 47 tana raba na 23, 223 kuma tana raba na 37. Leonhard Euler ya nuna 233 tana raba na 29. Cikin huɗun nan, 31 kaɗai ta tsira. Shi ma Mersenne jerinsa bai kuɓuta ba: ya saka 67 da 257 alhali suna rabuwa, ya tsallake 61 da 89 da 107. Game da 31 dai dukansu biyun sun dace, amma dace ne ba hujja ba.

Ninkin da suka yi nasara a jere su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31. Ke nan lambarmu ita ce ta takwas a dangin. Zuwa Oktoban 2024 guda 52 kacal aka sani. Ta baya-bayan nan a lokacin, 2^136,279,841 − 1, Luke Durant ne ya gano ta ƙarƙashin shirin GIMPS na masu sa kai da aka fara a 1996, kuma alƙalumanta sun kai 41,024,320. Har yau ba a tabbatar ko dangin yana da iyaka ko ba shi da ita ba.

Hujjar Euler, da hanyar da ake bi yau

A 1772 Euler ya sanar da tabbacin a wasiƙar da ya aika wa wani masani ɗan gidan Bernoulli, a lokacin da idanunsa suka kusa mutuwa gaba ɗaya. Yadda ya rage aikin ya cancanci a bi shi daki-daki.

Mataki na farko, ba sai an gwada duk lambobin da ke ƙasa da ita ba. Idan lamba ta rabu gida biyu, dole ɗaya daga cikin masu raba ta bai wuce tushen murabba'inta ba, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da ita. Idan aka ninka 46,340 da kanta za a sami 2,147,395,600, idan kuma 46,341 ce za a sami 2,147,488,281, wadda ta riga ta zarce. Saboda haka bincike ya tsaya a 46,340. Mataki na biyu, gagara-rabo kaɗai za a gwada, su kuwa a wannan zango sun kusa 4,800. Har yanzu aiki ne ja ga mai lissafi da hannu.

Mataki na uku shi ne inda gwaninta take. Fermat ya riga ya nuna cewa duk gagara-rabon da zai raba 2^31 − 1, dole idan aka raba shi da 62, wato 31 sau biyu, saura 1 ya rage. Euler ya ƙara da cewa idan aka raba shi da 8 ma, saura ko dai 1 ko 7. Haɗa sharuɗɗan biyu, sai ya zama lambobi iri biyu kawai suka rage: ninkin 248 a ƙara 1, ko ninkin 248 a ƙara 63. Ƙasa da 46,340, irin waɗannan ba su kai 380 ba, waɗanda suke gagara-rabo a cikinsu kuwa ba su kai ɗari ba. Aka gwada, babu wadda ta raba ta. Ta riƙe kambun gagara-rabo mafi girma da aka sani har zuwa 1867.

Yau ba a bin wannan hanya. Akwai gwajin da Édouard Lucas ya assasa a 1876, Derrick Lehmer ya gyara a wajen 1930. Ana farawa da 4. A kowane zagaye a ninka lambar da kanta, a ɗebe 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe saura kawai. Yawan zagayen shi ne yawan ninkin biyun a ɗebe 2. Idan an ƙare da sifili, gagara-rabo ce, idan ba haka ba, tana rabuwa.

A gwada da 31, wadda ita ce 2^5 − 1, zagaye uku ke nan. Daga 4 a sami 14. Daga 14 a sami 194, a raba da 31 saura 8. Daga 8 a sami 62, a raba da 31 saura sifili. An tabbatar. Idan aka yi wa 2,047 zagayenta tara, da 1,736 ake ƙarewa, alamar tana rabuwa, ko da yake gwajin ba ya faɗin wa ke raba ta.

Ga lambarmu zagaye 29 ne kacal: 4, 14, 194, 37,634, 1,416,317,954, daga nan a fara riƙe saura, har a dira kan sifili. Mai son gwadawa da kansa ya kula da abu guda. Ninka lamba mai alƙaluma goma da kanta yana kai wa ga alƙaluma 19, alhali Excel alƙaluma 15 kawai yake riƙewa daidai, sauran ya mayar da su sifili ba tare da gargaɗi ba. Kalkuleta ta hannu ta fi haka gazawa. Daga zagaye na biyar amsar za ta karkace, mutum ya ɗauka gwajin ne bai yi ba. Harshen Python, wanda ba ya yi wa lamba iyaka, yana gama aikin nan take.

Sauran azuzuwan da take ciki

Shafukan da ke jero siffofin lambobi sukan zuba komai a kwando ɗaya. Yana da kyau a bambanta siffar da ke jikin lambar da wadda ta dogara ga yadda aka rubuta ta. Cewa alƙalumanta goma ne, ko jimillarsu 46, al'amari ne na ƙirgar goma-goma. A tsarin kwamfuta alƙaluma 31 ne, jimilla 31. Irin wannan bayani amfaninsa kaɗan ne, sai dai jimillar 46 tana nuna cewa idan aka raba lambar da 9 ko da 3, saura 1.

Siffofin da ba sa canzawa ko da wane tsari aka rubuta su ne masu nauyi. Mara ce, ba cika ba. Masu raba ta biyu ne rak. Idan aka tara masu raba lamba ban da ita kanta, jimillar kan gaza ta, ko ta zarce ta, ko ta yi daidai da ita. Ta farko mai giɓi, ta biyu mai rara, kamar 12 da masu raba ta suka tashi 16, ta uku kuma kamila. Lambarmu mai giɓi ce iyakar giɓi, tun da jimillar 1 ce kawai.

Ita ba kamila ba ce, amma tana haifar da kamila. Shida kamila ce don 1 + 2 + 3 sun ba da 6, haka 28. Tun kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Euclid ya nuna cewa duk gagara-rabo ta wannan dangi, idan aka ninka ta da rabin lambar da ke binta, kamila za ta fito: 3 × 2 ta ba da 6, 7 × 4 ta ba da 28, 31 × 16 ta ba da 496. Malaman lissafi na duniyar Musulunci sun yi aiki a kan batun, ciki har da Ibn al-Haytham, da Ibn Fallus wanda a ƙarni na 13 ya ambaci kamilai ta biyar da ta shida da ta bakwai. Euler ya tabbatar da cewa duk kamila cika ta wannan hanya take zuwa. Lambarmu sau 1,073,741,824 ta ba da 2,305,843,008,139,952,128, kamila ta takwas. A 1811 masanin Ingila Peter Barlow ya yi hasashen cewa da wuya wani ya nemi wadda ta fi ta, don a ganinsa irin waɗannan lambobi abin sha'awa ne kawai marasa amfani. Kamila mara kuwa, ba a taɓa samu ba, ba a kuma tabbatar babu ba.

Akwai wani aji da ya fi ƙanƙanta. Ita kanta 31 'yar dangin Mersenne ce, don 2^5 − 1 ce. Lambar da ta zama Mersenne a kan Mersenne kuma ta ƙi rabuwa, guda huɗu kawai aka sani: 7, 127, lambarmu, da 2^127 − 1.

Idan aka raba ta da 4 saura 3, saboda haka ba za a taɓa rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i biyu ba, saɓanin 13 da take 4 + 9. Idan aka raba ta da 8 saura 7, wannan kuma ya hana ta zama jimillar murabba'i uku. Sai huɗu, wanda Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa sun ishi kowace lamba. Ba ta da tagwaye, wato gagara-rabon da ke tazarar 2 da ita: ta ƙasa ta ƙare da 5, ta sama kuma 3 tana raba ta. Gagara-rabo mafi kusa ta baya ita ce 2,147,483,629, ta gaba kuma 2,147,483,659. Maƙwabciyarta ta ƙasa, 2,147,483,646, ta farfashe zuwa 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331.

Yadda ta zama iyakar kwamfuta

Kwamfuta tana ajiye lamba a gurabe ƙididdigaggu, kowane gurbi, wato bit, yana ɗaukar 0 ko 1. Shekaru da dama girman da aka fi amfani da shi shi ne gurbi 32. Ana ware na farko don nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa da shi, saura 31. Cika su duka da 1, ka sami 2,147,483,647. Ta ɓangaren ƙasa kuma iyakar ita ce −2,147,483,648.

Idan aka ƙara 1 a kan iyakar, abin da ke faruwa ya yi kama da mitar tafiyar mota da ta cika da tara-tara ta juya, sai dai a nan ba sifili ake komawa ba. Ƙarin yana malalawa cikin gurbin alama, lamba mafi girma ta rikiɗe ta zama mafi ƙanƙanta. Ba kowace manhaja ce ke yin haka ba. Harshen Java yana juyawa shiru. A harshen C ƙa'ida ba ta yi alƙawarin komai ba, sakamakon ya danganta da yadda aka harhaɗa manhajar. Wasu manhajoji suna tsayawa su nuna kuskure, kamar yadda Exchange ta yi. Wasu kuma suna datse duk abin da ya wuce su ajiye iyakar a madadinsa, shi ya sa akan ga 2147483647 a gurbin lambar waya a wasu shafuka.

Babu ruwan wannan da rashin rabuwa, kuma ga shaida. A gurbi 16 iyakar ita ce 32,767, wadda take 7 × 31 × 151. A gurbi 64 iyakar ita ce 9,223,372,036,854,775,807, kuma 7 tana raba ta. Duka biyun suna aikinsu na iyaka ba tare da wata matsala ba. Injiniyoyi sun zaɓi 32 ne don ninkin 8 ce, aka ɗebe gurbi ɗaya na alama, sai aka yi katari da 31.

Tuntuɓe da wannan iyaka ya sha faruwa. A Disamban 2014 YouTube ya sanar cewa ya faɗaɗa ma'aunin ƙirga masu kallo zuwa gurbi 64, yayin da wani bidiyon waƙa na Koriya ta Kudu ya haura adadin. A 2015 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta ba da umarni kan jirgin Boeing 787, cewa idan aka bar shi a kunne kwana 248 a jere, na'urorin da ke sarrafa janaretocinsa za su iya kashe kansu lokaci guda. Idan aka ƙirga sakan gida ɗari-ɗari, lambarmu ta yi daidai da kwana 248 da ɗoriya, abin da ya sa masana suka danganta matsalar da ita. Maganin wucin gadi a lokacin shi ne a riƙa kashe wutar jirgin a sake kunnawa kafin wa'adin. Idan kuma sakan gida dubu-dubu ake ƙirgawa, iyakar ba ta kai kwana 25 ba.

Inda rashin rabuwar ya yi rana

Akwai wuri guda da fuskokin biyu suka haɗu da gaske. Kwamfuta kan buƙaci jerin lambobi masu kama da na ƙuri'a, don gwaje-gwajen kimiyya ko wasanni. A 1988 Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar wata hanya mai sauƙi: a ninka lambar da ke hannu da 16,807, a raba da 2,147,483,647, saura ya zama lamba ta gaba. Daga 1 ana samun 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073. Saboda mai rabawar gagara-rabo ce kuma an zaɓi 16,807 da kyau, jerin yana ratsa dukkan lambobi 2,147,483,646 kafin ya maimaita kansa. Da lamba mai rabuwa aka yi amfani, da zagayen ya gajarce. Sharaɗi ɗaya: kada a fara da sifili, don daga nan sifili za a yi ta samu.

Wannan hanya ba ta dace da tsaro ba, don wanda ya ga lamba ɗaya ya san ta gaba. Haka nan zaton cewa da lambarmu ake kulle bayanan banki kuskure ne. Tsarin kulle bayanai na RSA da aka saba amfani da shi yana buƙatar gagara-rabo biyu na sirri, kowace mai alƙaluma fiye da 300. Lamba mai alƙaluma goma da kowa ya sani ba za ta kulle komai ba.

Batun 2038: ra'ayi biyu

Tsarin Unix, wanda Linux da Android da na'urori bila adadin suka gaji salonsa, yana ƙirga lokaci da yawan sakan tun daga farkon 1 ga Janairun 1970 agogon GMT. Idan a gurbi 32 mai alama aka ajiye ƙirgar, za ta cika ranar 19 ga Janairun 2038 da ƙarfe 3:14:07 na dare agogon GMT, wato 4:14:07 agogon Najeriya da Nijar. Sakan ɗaya bayan nan, na'urar da ba a gyara ba za ta ga kanta a 13 ga Disamban 1901.

Masu ganin an zuzuta batun suna da hujjoji masu ƙarfi. Maganin sananne ne: a mayar da ƙirgar gurbi 64, wanda zai kai shekaru kusan biliyan 292. Yawancin kwamfutoci da wayoyin zamani sun riga sun koma can. Tun 2020, daga siga ta 5.6, zuciyar Linux ta ba ƙananan na'urori masu gurbi 32 damar riƙe lokaci mai gurbi 64. Suna kuma tuna yadda aka tsorata duniya cewa kwamfutoci za su rikice da shigowar shekarar 2000, aka wayi gari babu wani babban bala'i.

Ɗaya ɓangaren na cewa 2000 ta wuce lafiya ne saboda an kashe kuɗi da shekaru ana gyara tun kafin ta zo. Damuwarsu ba wayar hannu ba ce, wadda ba ta shekara goma a hannun mutum. Damuwarsu na'urorin da ake kafawa a manta da su: masu sarrafa injinan masana'antu, kayan asibiti, na'urorin sadarwa, kwamfutocin cikin mota. Irin waɗannan sukan yi shekara ashirin suna aiki, wani lokaci ma kamfanin da ya ƙera su ya rufe. Sannan na'ura mai gurbi 64 ba ta tsira kai tsaye ba idan tsarin fayil ko rumbun bayanan da take amfani da shi ya ware wa lokaci gurbi 32. Misali, nau'in gurbin lokaci na TIMESTAMP a rumbun bayanai na MySQL a 19 ga Janairun 2038 ya tsaya, alhali DATETIME yana kai wa shekara ta 9999.

Idan aka auna, ɓangarorin biyu ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Na farko ya yi gaskiya game da sababbin kaya, na biyu game da tsofaffi. Ƙasashen da kasuwarsu ta dogara da kayan da aka yi amfani da su a waje, kuma ake lallaɓa na'ura har sai ta mutu murus, sun fi kusa da matsalar ɓangare na biyu. Kuma matsalar ba ta jiran 2038. Duk manhajar da ke lissafin ranar da ke gaba, kamar wa'adin bashi na shekara 20, ko ranar ritaya, ko takardar mallakar fili ta shekara 99, ta riga ta fara taɓa ranakun da ke bayan iyakar.

Abin da ya shafi mai shago da mai rubuta manhaja

Ga mai amfani da waya, babu abin yi illa karɓar sabuntawa idan ta zo. Kuɗin da ke banki ba sa ɓacewa don agogo ya rikice. Inda aka fi cin karo da iyakar a yau shi ne ƙananan manhajojin da ake rubuta wa makarantu, shaguna, asibitoci da ƙungiyoyin adashi.

Na farko, kuɗi. Ƙwararru kan ajiye kuɗi da kwabo don guje wa kuskuren ɗigo. Kwabo 2,147,483,647 kuwa naira 21,474,836.47 ne kawai. Dilan hatsi ko mai sayar da motoci zai iya haura wannan a ciniki ɗaya, jimillar shekara ta makaranta ma haka. Alamar ita ce jimilla ta koma ƙasa da sifili ba dalili, ko ta tsaya a wuri ɗaya ta ƙi gaba. A Nijar da Kamaru da Chadi, inda ake lissafi da sefa ba tare da ƙaramin kaso ba, sai an haura sefa biliyan biyu kafin a kai iyakar.

Na biyu, lambobin shaida. Lambar wayar Najeriya alƙaluma 11 ce, ko an jefar da sifilin farko abin da ya rage ya haura biliyan bakwai. NIN da BVN alƙaluma 11 ne, lambar asusun banki alƙaluma 10. Ko da wata ta shiga gurbin, sifilin farko zai ɓace. Waɗannan ba lambobin lissafi ba ne, ba a tara su ba a ninka su, saboda haka a matsayin rubutu ya kamata a ajiye su.

Na uku, fayil. Tsohuwar iyakar gigabait 2 da wasu manhajoji ke da ita daga lambarmu ta fito. Wadda aka fi gani a shagunan tura finafinai, inda filashi mai sarari ke ƙin karɓar fayil da ya kai gigabait 4, ta 'yar'uwarta ce 4,294,967,295, wato gurbi 32 ba tare da alama ba, a tsarin FAT32. Sake tsara filashin zuwa exFAT yana kawar da ita, amma yana goge abin da ke ciki, don haka a kwashe kaya tukuna.

Wasu kan yi dabarar cire gurbin alama don ninka iyakar. A lissafin lokaci wannan yana ɗage matsalar zuwa Fabrairun 2106, amma ranakun da suka gabaci 1970, ciki har da ranar haihuwar dattawa da yawa, ba za su ƙara shiga ba. Gyaran da ya fi inganci shi ne a mayar da gurbin INT mai bit 32 zuwa BIGINT mai bit 64 a rumbun bayanai, a kuma bi duk inda lambar ke ratsawa, daga fom zuwa rasit, domin wuri ɗaya da aka manta ya isa ya datse ta. Gwajin ba shi da wuya: a kan kwafin manhajar, ba wadda ake aiki da ita ba, a shigar da 2,147,483,648 a gurbin adadi, a shigar da 20 ga Janairun 2038 a gurbin rana, a adana, a rufe, a sake buɗewa, sannan a duba ko abin da aka shigar shi ne ya dawo.